Shirye-shiryen Amintattun Matafiya na Amurka

Shirye-shiryen amintattun matafiya tsare-tsare ne da gwamnatin Amurka ta ɓullo da su domin rage wa wasu fasinjoji doguwar tsayuwa a layin bincike, a filayen jiragen sama da kan iyakokin ƙasa. Matafiyi ne ke miƙa kansa tun kafin tafiya: a binciki tarihinsa, a ɗauki hoton yatsunsa, ya biya kuɗi, idan an gamsu da shi a ba shi izinin bin layi na musamman har shekara 5. Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ce ke da shirye-shiryen, ta hannun hukumomi biyu: TSA, mai binciken fasinja kafin ya hau jirgi, da CBP, mai kula da kwastan da shige da fice. Wannan rabon aiki shi ne tushen bambancin da ke tsakanin shirye-shiryen, kuma rashin gane shi ne ke sa mutane biyan kuɗin abin da ba zai amfane su ba.

Asali

An kafa TSA a watan Nuwamban 2001, bayan harin 11 ga Satumba. A watan Disamban shekarar wani ɗan Birtaniya, Richard Reid, ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a takalmi cikin jirgin da ya taso daga Paris zuwa Miami. A 2006 aka wajabta wa kowa cire takalmi, aka kuma taƙaita ruwa da turare da man shafawa a jakar hannu zuwa mililita 100 a kowace kwalba, bayan an bankaɗo wata maƙarƙashiya a Ingila ta tarwatsa jirage da bam na ruwa. Layuka suka yi tsawo. Hukumomi suka ga cewa binciken kowa da kowa daidai wa daida ɓata lokaci ne, gara a ware waɗanda aka riga aka san su, a mayar da hankali kan sauran.

TSA PreCheck

An fara gwajinsa a watan Oktoban 2011, aka buɗe wa jama'a ƙofar nema a Disamban 2013. Aikinsa a wuri ɗaya ne: binciken tsaro lokacin tashi daga filin jirgin sama na Amurka. Mai shi ba ya kwance bel, ba ya tuɓe rigar sanyi mara nauyi, ba ya fito da kwamfuta ko 'yar jakar kwalaben ruwa daga kayansa. Yana aiki a filaye sama da 200. 'Yan ƙasar Amurka da masu katin zama na dindindin, wato Green Card, su ne ke iya nema kai tsaye. Kamfanoni masu kwangila, IDEMIA da Telos da CLEAR, ke yin rajistar, kuma kuɗin na kamawa daga dala 76 da ɗoriya zuwa 85.

Wanda aka amince da shi yana samun wata lamba da ake kira KTN. Ita ce komai. Dole a shigar da ita lokacin sayen tikiti, sunan da ke tikitin kuma ya zo daidai da na rajista, sannan alamar PreCheck ta fito a katin shiga jirgi. In alamar ba ta fito ba, nuna takardar rajista ba ya buɗe layin. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa na bin iyayensu kyauta. A watan Yulin 2025 gwamnati ta soke dokar cire takalmi ga dukkan fasinjoji, abin da ya ɗan rage armashin shirin, tunda a da rashin cire takalmi na cikin amfaninsa, ko da yake gajeren layin na nan.

Global Entry

Wannan na CBP ne, kuma aikinsa lokacin saukowa ne daga ƙasar waje. An fara shi a 2008 a filaye uku: JFK na New York, Dulles na Washington da George Bush na Houston. Maimakon bin layin jami'in shige da fice, matafiyi zai tsaya gaban wata na'ura ta ɗauki hoton fuskarsa, ta gwada da wanda ke ajiye, jami'i ya duba ya sallame shi, sau da yawa cikin 'yan mintuna. A da na'urorin na karɓar fasfo da yatsu su fitar da 'yar takarda. Yanzu mafi yawansu fuska kawai suke dubawa, kuma tun 2023 akwai manhajar waya da ke yin aikin.

Kuɗinsa dala 100 ne har zuwa 1 ga Oktoban 2024, lokacin da ya koma 120. Daga ranar kuma yara 'yan ƙasa da 18 ba sa biya idan mahaifi ko mahaifiya na cikin shirin ko suna nema tare. Sai dai kowane rai da rajistarsa, har jariri na goye. Babban abin jan hankalinsa shi ne PreCheck na cikinsa ba tare da ƙarin ko sisi ba.

Wahalarsa na wajen shiga. Ana cike takarda ta intanet mai tambayar adireshi da wuraren aiki da ƙasashen da aka ziyarta cikin shekara 5. Bayan amincewar wucin gadi sai ganawa ido da ido da jami'i, kuma samun ranar ganawar kan ɗauki watanni a manyan birane. Tun 2017 akwai sauƙi: mai amincewar wucin gadi na iya yin ganawar a filin jirgi daidai lokacin da ya sauko daga tafiya, ba sai ya nemi rana ba. Kuɗin ba ya dawowa ko an ƙi mutum. Hukuncin kotu kan laifi, tuƙi cikin maye, saɓa dokar kwastan a baya, ko ɓoye gaskiya a takardar nema, duk suna iya jawo ƙi.

Bayan Amurkawa da masu Green Card, 'yan wasu ƙasashe da suka ƙulla yarjejeniya na iya nema, irin su Birtaniya, Jamus, Indiya, Koriya ta Kudu, Singafo da Meziko. Najeriya da Nijar da Ghana ba sa cikin jerin. Don haka ɗan Najeriya mai bizar ziyara ko ta karatu ba shi da hanyar shiga, amma wanda ya samu Green Card yana iya nema da fasfonsa na Najeriya. Shirin ba biza ba ne, ba ya kuma maye gurbinta.

NEXUS, SENTRI da FAST

NEXUS na haɗin gwiwar Amurka da Kanada ne, yana buɗe layi na musamman ta mota, ta jirgin sama da ta ruwa, kuma yana ɗauke da amfanin Global Entry. A da dala 50 ne kacal, shi ya sa ake masa kallon garaɓasa; yanzu shi ma 120 ne. Jami'an ƙasashen biyu ke tantancewa, cibiyoyin rajistar kuma kusa da iyaka suke. SENTRI ya girme su duka, tun 1995 a mashigar Otay Mesa ta Kalifoniya, don masu shigowa da mota daga Meziko. FAST na direbobin manyan motocin kaya ne.

CLEAR da MPC

CLEAR kamfani ne mai zaman kansa. Yana tabbatar da ko wane ne matafiyi ta ido ko yatsa ko fuska, ma'aikacinsa ya raka shi gaban layi, amma binciken jiki da na kaya na nan yadda yake. Kuɗinsa wajen dala 200 ne a shekara guda, sama da ninki takwas na abin da Global Entry ke ci a shekara. Kamfanin farko mai wannan suna ya durƙushe a 2009, aka farfaɗo da shi a 2010. MPC kuwa manhajar CBP ce ta kyauta, babu ganawa babu rajistar yatsu: a shigar da bayanan fasfo da hoto bayan sauka, a bi layinta. Iyali guda na iya shiga ta waya ɗaya. Amurkawa, masu Green Card da 'yan Kanada na cikin masu amfani da ita, kuma mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

Yadda ake zaɓe

Tambayar farko ita ce takardun da mutum ke riƙe da su, ta biyu kuma inda yake yawan zuwa. Wanda zirga-zirgarsa a cikin Amurka take, ko ba shi da fasfo, PreCheck ya ishe shi, kuma lambarsa kan fito cikin 'yan kwanaki. TSA na ba da shawarar Global Entry ga mai fita waje sau 4 ko fiye a shekara, amma wannan ma'auni ya yi tsauri: ratar kuɗin ba ta wuce dala 45 ba a shekara 5, don haka ko mai zuwa gida sau ɗaya a shekara, ya sauka Atlanta daga Legas ko Dulles daga Accra yana sauri ya kama jirgi na biyu, ya ci ribar kuɗinsa. Mazaunin Detroit ko Buffalo ko Seattle NEXUS ya fi dacewa da shi. Wasu katunan bashi na banki suna mayar da kuɗin rajista, ya kamata a duba kafin a biya. PreCheck ba ya aiki a Abuja ko Legas ko Yamai. A can dokar filin ce ke aiki.

Rasa izini

CBP na iya janye amincewar a kowane lokaci, kuma ƙaramin abu ke jawo hakan. Wanda ya fi yawa shi ne abinci. Doka ta ce a bayyana duk wani abinci, tsiro ko iri da aka shigo da shi, ko da tuffa ce ɗaya da aka raba a jirgi. Ga masu dawowa daga ƙasar Hausa maganar ta fi shafar kilishi da dambun nama, domin an hana shigo da naman shanu daga ƙasashen da ke fama da cututtukan dabbobi irin su ɓoru, kuma busar da shi ba ta halatta shi. Wanda ya bayyana, iyakarta a karɓe a zubar. Wanda ya yi shiru kare ya shinshino jakarsa zai iya biyan tarar ɗaruruwan daloli, izinin kuma ya tafi. Haka kuɗi: babu haram a ɗauko fiye da dala 10,000, amma dole a bayyana su, kuma ana lissafa na iyali masu tafiya tare a dunƙule, har da saƙon da wani ya ba da a kai wa ɗan'uwansa.

Siyasa ma kan shigo. A Fabrairun 2020 gwamnatin tarayya ta hana mazauna jihar New York shiga Global Entry, NEXUS, SENTRI da FAST ko sabunta su, saboda wata dokar jihar da ta hana jami'an shige da fice duba bayanan lasisin tuƙi. An ɗage takunkumin a watan Yulin shekarar. Ana iya sabunta Global Entry tun saura shekara guda ya ƙare, kuma wanda aka ƙi ko aka janye wa izini na iya kai ƙorafi ga ofishin sauraron koke na CBP ta shafin da ya yi rajista.