Hoton iska da jini na huhu

Hoton iska da jini na huhu, wanda likitoci ke taƙaitawa da V/Q, gwaji ne na likitancin nukiliya da ake yi don gano ko gudan jini ya toshe jijiyar huhu. Galibi daga manyan jijiyoyin ƙafa ko ƙugu gudan ke ɓallowa, ya ratsa zuciya, ya je ya maƙale a huhu. Wurin da ya toshe yana ci gaba da shan iska kamar kullum, jini ne kawai ba ya kai masa, kuma wannan bambancin gwajin ke nema.

Yadda ake yi

Hoto iri biyu ake ɗauka da kyamarar gamma, na'urar da ke hango tururin nukiliya da ke fitowa daga jiki. A na iska, majiyyaci yana shaƙar gas ko ƙura mai laushi da ke fitar da tururin nukiliya kaɗan. A na jini, ana yi masa allurar ƙananan dunƙulen furotin ɗin albumin da aka haɗa da teknetiyam-99m, sinadarin da rabin ƙarfinsa ke gushewa cikin awa 6. Dunƙulen, dubu ɗari biyu zuwa sama, suna tsayawa a siraran jijiyoyin huhu na ɗan lokaci kafin su narke. Inda iska ta shiga amma jini bai kai ba, sai a ga giɓi, sau da yawa mai siffar tsinin gatari. Idan duka biyun suka ɓace a wuri ɗaya, an fi zargin wata cutar, kamar limoniya.

Tarihi

Kafin shekarun 1960, likita ya dogara ne da alamu irin su haki da ciwon ƙirji, waɗanda cututtuka da dama ke kawowa, shi ya sa sau tari sai an binciki gawa ake sanin abin da ya faru. Kyamarar gamma ita ce Hal Anger ya ƙera a Berkeley ta Amurka wajen 1957 ko 1958. George Taplin na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya yi aiki a kan dunƙulen albumin masu ɗauke da ayodin-131, sannan a 1964 Henry Wagner da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa yadda suka gano toshewar a jikin ɗan Adam da wannan dabara. Daga baya teknetiyam ya maye gurbin ayodin, aka kuma ƙara hoton iska da gas ɗin zenon-133. Kiriptan-81m ya biyo baya, sai dai rabin ƙarfinsa na tafiya cikin daƙiƙa 13, don haka dole injin samar da shi ya kasance kusa. Technegas kuwa, ƙura mai laushi mai ɗauke da teknetiyam da ake shaƙa, wanda William Burch ya ƙirƙiro a Ostareliya a tsakiyar shekarun 1980, bai samu izini a Amurka ba sai 2023.

Wahalar ta fi yawa wajen karanta hoton. Binciken PIOPED da aka wallafa a 1990, wanda cibiyoyi shida na Amurka suka yi a kan majiyyata fiye da 900, ya nuna cewa hoton da ya fito ƙalau yana kore zargi, wanda ya nuna toshewa ƙarara kuma abin dogaro ne. Amma kashi 41 cikin ɗari kacal na masu toshewar ne hotonsu ya fito ƙarara. Mafi yawan majiyyata sun faɗa tsaka-tsaki, amsar da ba ta raba gardama a gaban likita. Wannan ya rage wa gwajin daraja, a daidai lokacin da hoton CT na jijiyoyin huhu, wato hoton X-ray da kwamfuta ke haɗawa bayan an yi wa majiyyaci allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, ke tasowa daga farkon shekarun 1990.

Amfani a yau

CT ne kan gaba a yawancin asibitoci. Ana komawa ga V/Q idan ƙoda ba ta da lafiya, ko jiki ba ya ɗaukar ruwan allurar CT, ko mace na da juna biyu, da kuma wajen neman tsohuwar toshewa mai ta da hawan jinin huhu.

Saɓani

Ƙungiyar likitancin nukiliya ta Turai ta fifita hoton SPECT, wanda kyamarar gamma ke zagaya jiki wajen ɗaukarsa, tun 2009, a ba da amsar e ko a'a kan akwai toshewa. A Amurka an daɗe ana riƙe da hoton shimfiɗe, wanda kyamara ke ɗauka tana tsaye wuri ɗaya, da ba da amsa a matakai: yiwuwar toshewa babba ce, matsakaiciya ko ƙarama.