Waiwaye: Yadda layin dogon Kaase ya mutu tun kafin 'yan kasuwa su hau kansa

Duk lokacin da aka tayar da maganar farfaɗo da layin dogon da ya tashi daga Adum ya ratsa Asokwa da Kaase, unguwannin Kumasi a ƙasar Ghana, muhawara a birnin takan tsaya kan 'yan kasuwar da suka baje kaya a kan ƙarafan da kuma 'yan gwangwan da ake zargi da kwance su, alhali dukkansu sun iske layin ne bayan jirgi ya daina wucewa.

Tarihin farko sananne ne. An fara shimfiɗa layin daga Sekondi a 1898, ya isa Tarkwa a 1901, ya iso Kumasi a 1903 domin zinariya, sannan koko da katako suka cika taragai, musamman bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Masana'antun yanka katako na kudancin birnin sun samu gindin zama a kusa da shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru tsakanin shekarun 1970 da 1983. Kokon da ƙasar ke samarwa, wanda ya haura tan 500,000 a tsakiyar shekarun 1960, ya yi ta raguwa, har fari da gobarar daji ta 1983 suka ƙarasa gonaki da yawa, amfanin ya faɗo ƙasa da tan 200,000. Jirgin ƙasa da kaya yake rayuwa, kuma da taragai suka fara tafiya rabi-rabi, kuɗin sauya katakon da ke ƙarƙashin ƙarfe da gyaran injuna ya yanke. Mai masana'antar da ya ga kayansa sun yi kwanaki a tasha sai ya kira tirela, wadda za ta shigo har cikin harabarsa ta ɗauka, kuma wanda ya saba da wannan sauƙi da wuya ya waiwayi jirgi.

An gyara layin yamma, wato wannan da ya haɗa Takoradi da Kumasi, a shekarun 1980, amma nauyin da ya riƙe shi daga nan ma'adinai ne: manganis na Nsuta da bokzit na Awaso, wanda reshensa ke haɗuwa da babban layi a Dunkwa. Dukkansu kudu suke nufa, babu wanda ke bi ta Kumasi. Saboda haka yankin Dunkwa zuwa Kumasi ya dogara ga koko da katako da fasinja, kayan da titi ya riga ya ƙwace. A ganina a nan ne layin Kaase ya rasa abin da zai ciyar da shi.

Jirgin dare na fasinja zuwa Takoradi ya jure har shekarun 2000 kafin ya tsaya. Ciyawa ta rufe ƙarafan, bola ta biyo baya, sannan aka kafa tebura da rumfuna. Sabon layin da ake shiryawa ya fi tsohon faɗi, wanda milimita 1,067 ne kawai, amma har yanzu masana'antun Kaase a tirela suke loda kayansu.