Tambayoyi kan Siffar Mota: Na Gaji da Maimaita Amsarsu

Wa ya fara ƙera mota?

Karl Benz, a Jamus, 1886. Taya uku gare ta.

Me ya sa motocin farko suka yi kama da keken doki?

Masu ƙera keken doki ne suka riƙa yin jikinsu.

Gaskiya ne Ford baƙin fenti kaɗai yake yi?

Daga 1914 zuwa 1925, haka motarsa Model T take fitowa. An ƙera ta fiye da miliyan 15, talaka ma ya hau mota. Kamfanin General Motors ya ga mutum ba ya son tasa ta zama irin ta maƙwabcinsa, sai a 1927 ya ɗora Harley Earl kan sashen zane, aka riƙa sauya siffa kowace shekara don ta bara ta zama tsohuwar yayi. Kwaɗayin sabon samfuri da ke damun ku, can aka dasa shi.

Motocin zamanin da sun fi ƙarfi, ko ba haka ba?

Ku daina wannan maganar. Gaban motar zamani an yi shi ne don ya lotse, ya shanye ƙarfin karo kafin ya iso kan fasinja. Injiniya Béla Barényi ya fito da dabarar, Mercedes ta sa ta a 1959, shekarar da Volvo ta fara sa bel ɗin kujera na Nils Bohlin. Idan mota ta fita lafiya mai ita ya karye, ina ribar?

Zan iya sa rim babba don ta yi kyau kamar ta talla?

To, nan sai a bi a hankali. Ana iya yi, amma da sharaɗi. Duba lambar jikin tayarka, misali 205/55 R16: faɗi milimita 205, tsayin gefe kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim inci 16. Idan ka koma inci 17, dole gefen taya ya ragu don girman tayar gaba ɗaya ya kasance kusan yadda yake. 225/45 R17 ta yi kusa sosai. Idan girman ya kauce, agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, tayar kuma na iya gogar jiki in ka murza sitiyari har ƙarshe. Duba kuma yawan ramukan kusoshi da tazararsu, kada a tilasta rim da bai dace ba. Ko an daidaita komai, taya mai gajeren gefe ba ta yafe rami: ta kumbura a gefe, rim ya lanƙwashe, mota ta yi tauri. A titi mai santsi ba laifi. In hanyarka duk ramuka ce, bar ta yadda masu zanen suka auna ta.

Me ya sa motocin yanzu duk suka yi kama?

Iska da doka. Kowa na neman siffar da ke ratsa iska cikin sauƙi don rage shan mai, kuma dokokin Turai na kare masu tafiya a ƙasa sun sa bonet ya tashi sama da injin. Ba lalacin masu zane ba ne.