Neman jagora ga sabon injiniyan manhaja

Jagoranci a sana'ar ƙera manhaja dangantaka ce tsakanin gogaggen injiniya da wanda bai daɗe da kammala jami'a ba, inda na gaba yake nuna wa na baya abin da aji bai koya masa ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta yakan fito da sanin ƙa'idoji, amma da wuya a ce ya taɓa shiga cikin manhajar da mutane da yawa suka yi shekaru suna rubutawa, wadda ƙaramin gyara a gefe ɗaya kan iya jawo ɓarna a wani gefen. A shekarar 1985 Kathy Kram ta Jami'ar Boston ta kasa amfanin jagora gida biyu: taimako a kan aikin da ci gaban sana'a, da kuma ƙarfafa gwiwa da ba da shawara. Na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga matashin da ke jin nauyin yin tambaya don kada a ce bai iya ba.

Sau da yawa jagoranci a wannan sana'a yana faruwa ne wajen bitar kod, wato duba abin da injiniya ya rubuta kafin a haɗe shi da sauran manhajar, al'adar da Michael Fagan na kamfanin IBM ya tsara mata ƙa'idoji a 1976. Sabon injiniya zai tura gyaransa, sai wani babba ya tsaya a kan layi guda ya tambaye shi me zai faru idan bayanan da ake jira suka zo babu komai a ciki. Wanda ke yin irin wannan tambaya, maimakon ya gyara da kansa ya wuce, shi ne ya cancanci a matsa kusa da shi. Akwai kuma rubutun kod na mutum biyu a kwamfuta ɗaya, wanda injiniyan manhaja Kent Beck ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990, inda ƙarami ke ganin yadda babba yake bin sawun matsala, kamar yadda yaron tela ke koyon yanka ta kallon hannun maigidansa.

Ba a cika dacewa ba idan aka tunkari baƙon mutum aka ce masa ya zama jagora, domin buƙatar ba ta da iyaka, shi kuma lokacinsa ƙalilan ne. Abin da ya fi tasiri shi ne tambaya guda takamaimai, tare da bayanin abin da aka riga aka gwada, sannan a koma a shaida masa yadda shawararsa ta kaya. Ya fi kyau kuma jagoran ya kasance ba shugaban da ke auna ƙwazon mutum a ofis ba, saboda da wuya ma'aikaci ya saki jiki ya bayyana rauninsa gaban mai yanke hukunci kan ƙarin girmansa.

Wanda bai samu aiki ba tukuna yana da ƙofa a manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kod ɗinsu yake a fili, kowa na iya dubawa ya kuma tura gyara. Shirin Google Summer of Code, da aka fara a 2005, yana haɗa sabon shiga da jagorori daga ƙungiyar da ya zaɓa, kuma tun 2022 ba sai ɗalibi kaɗai ba, duk sabon hannu mai shekara 18 zuwa sama yana iya nema. Shirin Outreachy, wanda ya samo asali daga GNOME, wani aikin manhaja mai buɗaɗɗen tushe, kuma ya ɗauki wannan suna a 2015, yana ba da horon wata uku da alawus ga waɗanda ba su da wakilci sosai a fannin fasaha. Duka biyun ta intanet ake yin su, don haka matashi a Kano ko Zinder yana iya nema daga inda yake, sai dai gasar tana da zafi, kuma masu zaɓe sukan fifita wanda ya riga ya tura gyara, ko da ƙarami ne, kafin a rufe karɓar takardu.