Waiwaye: yadda kwanakin zama da takardar haraji suka zama sharaɗin zama ɗan ƙasa a Amurka

A Tawa da sauran garuruwan Adar, tafiya bida tana da tsarinta tun kaka da kakanni: a fita bayan girbi, a nemo abin da Allah ya hore a Abijan ko Legas ko Libiya, a dawo gida a huta, wani lokaci har damina ta wuce. Tun wajen shekarun 1990 wasu ƴan Nijar suka miƙa hanyar har Amurka, suka baje haja a Harlem, wasu suka yi gaba zuwa Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa. Waɗanda suka samu girin kad (takardar izinin zama na dindindin a Amurka) a cikinsu, idan lokacin neman zama ɗan ƙasa ya yi, abu biyu ne ke yawan kayar da su, wato kwanakin da suka yi a wajen ƙasar da takardun haraji. Duka biyun kuwa sun saɓa wa yadda muka saba yin bida.

Maganar zama ita ce ta fi tsufa. Dokar farko ta ba baƙo ƴancin zama ɗan Amurka ta fito a 1790, ta ce shekara 2 na zama sun isa, tare da shaidar kyakkyawan hali, amma ga farar fata mai ƴanci kaɗai. A 1795 aka mayar da wa'adin shekara 5. A 1798, zamanin shugaba John Adams, masu mulki suka ji tsoron baƙi daga Faransa da Ayalan za su ba abokan hamayyarsu ƙuri'a, sai suka ɗaga shi zuwa shekara 14. Da Thomas Jefferson ya hau, aka dawo da shekara 5 a 1802, kuma a nan aka tsaya har yau. Wannan ja-in-ja ya nuna cewa tun farko wa'adin zama lissafin siyasa ne: wa za a bari ya jefa ƙuri'a, kuma yaushe. Baƙar fata haifaffen Afirka bai samu shiga ba sai a 1870, bayan yaƙin basasa, sannan dokar 1952 ta cire sharaɗin launin fata gaba ɗaya. Wannan doka ta 1952 ce har yanzu ginshiƙin abin da ake aiki da shi, cacar biza kuma, wato rabon girin kad ta hanyar ƙuri'a, da ta kai ƴan Nijar da dama ta samo asali ne daga dokar 1990.

Abin da ake nema yau ya wuce a ce mutum ya riƙe girin kad shekara 5, ko shekara 3 ga wanda ke auren ɗan ƙasa. Sai ya kasance da jikinsa yana cikin Amurka aƙalla rabin wannan lokaci, wata 30 ke nan a cikin shekara 5. Sannan tafiya guda da ta haura wata 6 tana sa jami'i ya ɗauka zaman ya yanke, sai mai nema ya kawo hujjar cewa bai bar aikinsa ba, gidan hayarsa na nan, iyalinsa ba su tashi ba. Idan tafiyar ta kai shekara, zaman ya yanke ke nan, lissafi ya koma baya. Akwai takardar izinin komawa da ake nema kafin doguwar tafiya, wadda kan kai shekara 2, amma girin kad ɗin take karewa, ba ta cike giɓin zama.

A nan ne nake ganin mu na gida muna da hannu. Mutum ya zo ganin mahaifiya da niyyar wata biyu, sai rasuwa ta faɗo, sai rabon gado, sai bikin ƙanwa, ga ginin da ya fara a Yamai yana jiran a zuba dal. Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ka tsaya ka yi Babbar Salla tare da mu." Shi kuma ba zai iya cewa, "Inna, kwanakina ake ƙirgawa," ba, don kada a ce Amurka ta fi masa uwa. Ranar da ya zauna cike takardar N-400, wato takardar neman zama ɗan ƙasa, za a nemi ya jera tafiye-tafiyensa na shekarun da ake dubawa, ranar fita da ranar dawowa, kuma hatimin fasfo ba ya mantuwa.

Haraji ya shigo maganar ne daga baya. Sai a 1913, da gyara na 16 ga kundin tsarin mulki, harajin kuɗin shiga na tarayya ya kafu da gindinsa. A 1924 kotun ƙoli, a shari'ar wani Ba'amurke mazaunin Mekziko mai suna Cook, ta yanke cewa gwamnati na da ikon karɓar haraji daga ɗan ƙasarta ko a ina yake zaune, ko a ina dukiyarsa take. Ba wai dokar zama ɗan ƙasa ta ware haraji a matsayin sharaɗi mai zaman kansa ba ne. Ya shigo ta tsohuwar ƙofar nan ta kyakkyawan hali da aka buɗe tun 1790, ya kuma shigo ta ƙofar zama, domin takardar haraji shaida ce ta inda mutum ya ɗauka gidansa yake.

Shi ya sa N-400 ke tambaya ko ana bin mutum bashin haraji, na tarayya ko na jiha ko na gari, da kuma ko ya taɓa kiran kansa wanda ba mazauni ba a takardar haraji tun da ya samu girin kad. Tambaya ta biyun ta fi haɗari. Wanda ya dawo Nijar ya yi wata da watanni, wani ya ba shi shawara ya rubuta cewa shi ba mazauni ba ne don ya rage abin da zai biya, da hannunsa ya ba hukuma hujjar cewa ya bar zama. Mai girin kad, a idon hukumar haraji ta IRS, mazauni ne, kuma abin da ya samu a ko'ina cikin duniya yana cikin lissafi, har da kuɗin hayar gidan da ya gina a unguwar Kwara Kano. Idan abin da ke asusunsa na banki a waje ya haura dala 10,000 a wani lokaci cikin shekara, shi ma akwai sanarwar da ake bukata.

Mu kuwa da wane ido muka gaji kallon haraji? Lanho ne da Faransawa suka ɗora a kan kowane kai, a biya da kuɗi, ko an yi amfanin gona ko fari ya cinye, kuma yana cikin abubuwan da suka fara tura samarin Adar zuwa Kano da Gwalkwas (Gana ta yau) neman abin biya. Wanda ya tashi da wannan tarihi, kaucewa mai karɓar haraji wayo ne a wurinsa. Sai ya je ƙasar da direban tasi, da mai kitso, da mai sayar da huluna a bakin titi, duk wanda ribar sana'arsa ta kai dala 400 a shekara, ake jiran takardarsa kafin 15 ga Afrilu. Kuɗin hannu yake karɓa, babu wanda ya tambaye shi, shekaru suna tafiya. Ranar ganawa da jami'in hukumar shige da fice sai a ce ya kawo bayanan harajin shekara 5.

Akwai kuma masu cike wa mutane takarda da ke yi musu daɗin baki. Su sa magidanci ya rubuta cewa ba shi da aure alhali matarsa na Tawa, ko su jera ƴaƴan da ke Nijar kamar suna zaune tare da shi don a maido masa da kuɗi mai kauri. A ranar, murna ake yi. Amma takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambayar aure da ƴaƴa da inda suke, kuma jami'i yana iya ɗora ta kusa da ta haraji ya ga inda suka saɓa. Bashi kansa ba ya rufe ƙofa: wanda ya gyara takardunsa na baya, ya yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan da IRS, ya kawo shaidar yana cikawa, ana iya amincewa da shi. Ƙarya ce ke da wuyar wankewa, tunda a kan rantsuwa ake amsa tambayoyin.

Ta ɓangarenmu ma doka ta motsa. Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar ta 1984 tana neman shekara 10 na zama daga baƙon da ke son zama ɗan Nijar, ninki biyu na abin da Amurka ke nema. Gyaran 2014 ne ya amince da riƙe ƙasa biyu, abin da ya cire wa ƴan bida fargabar cewa karɓar fasfon wata ƙasa zai raba su da tasu. Sai dai wanda ya karɓi fasfon Amurka ya dawo ya buɗe shago a Babbar Kasuwar Yamai, hukuncin 1924 na biye da shi. Kwanakinsa ba a ƙara ƙirgawa, yana iya zama a gida iya son ransa, amma muddin abin da yake samu ya kai mizanin da aka sa, takardar haraji tana kansa kowace shekara, ko da rangwamen da ake yi wa mazauna waje ya sa babu ko dala ɗaya da zai biya.