Don Allah a daina goge daɓe da ruwan dauɗa

Abu ɗaya muke ta cin karo da shi a wuraren da muke shiga duba tsafta, ofis ne ko banki, otal ne ko babban kanti, har da asibiti: bokiti guda, ruwa guda, mofa guda, tun daga ƙofar shiga har bayan gida. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, amma ana ta tsoma mofa ana shafa wa daɓe. Sai mai wurin ya zo yana ƙorafi, wai tayil ɗin da ya zuba wa kuɗi ya dusashe, layukan tsakaninsa sun yi baƙi, wurin yana ƙarni alhali kullum ana gogewa. To ta ina zai yi haske? Dauɗar da aka kwaso a ɗakin farko ita aka bi sauran ɗakuna ana raba musu.

'Yan'uwa masu shara da goge-goge, mun san aikinku da wahala. Kun riga kowa zuwa, famfo yana nesa, wani lokaci sai an hau bene da bokiti a hannu, kuma ba kowa ke cewa sannu ba. Allah ya saka da alheri. Amma gaskiya ɗaya ce, ruwan da ya gurɓace ba ya wanke komai. Kamar mutum ne ya yi wanka ya mayar da kayansa masu dauɗa.

Ga abin da ke faruwa. Layin simintin da ke tsakanin tayil ya fi fuskar tayil ɗin zurfi kaɗan, kuma yana shan ruwa. Duk lokacin da aka ja mofa a kai, ruwan dauɗa a nan yake kwanciya, ya bushe, gobe a ƙara masa wani. Wata uku ya isa farin layi ya koma baƙi. A fuskar tayil kuwa ruwan yana bushewa ya bar hazo da sawun mofa. Ƙwayoyin cuta ba sai na yi dogon bayani ba: mofar da ta shiga bayan gida ta fito ta bi ɗakin jira, inda yara ke rarrafe, mutane ke ajiye jaka a ƙasa, kowa ya san abin da ta ɗauko.

Idan daɓe ya dusashe kuma, maimakon a sauya ruwa sai a ƙara omo. Haba jama'a! Kumfa ba ita ce tsafta ba. Sabulun da ya yi yawa yana bushewa a kan daɓe ya yi danƙo, ƙura ta manne masa, kafin rana ta yi tsakiya sawun takalma ya cika wurin. Da ruwa ya ɗan taɓa shi kuma sai santsi. Yawancin faɗuwar da ake kawo mana rahotonta a irin waɗannan gine-gine a kan jiƙaƙƙen daɓe take faruwa, kuma dattijo ko mai juna biyu idan ya faɗi a kan tayil, maganar karaya ake yi. A bi awon da aka rubuta a jikin robar sabulun daɓe, a auna da murfi ko kofin awo, a daina tuttulawa da ido.

Daga omo sai a tsallaka zuwa asid, wai a fito da hasken da ya ɓace. Marmara da tarazo ba sa jure asid ko kaɗan, ko ruwan khal ko lemun tsami yana cinye fuskarsu ya bar tabon da gogewa ba ta fitarwa, sai an kira mai injin gurza dutse. A kan tayil ma yana cinye simintin layi har ya fara zubewa. Sabulun da ba asid ba ne kuma ba mai kaifi ba, wanda aka rubuta pH 7 ko kusa da haka a jikinsa, shi ne na yau da kullum. Wanda kuma ya haɗa bilic da asid ko maganin wanke masai a bokiti ɗaya, iskar kulorin ya haɗa wa kansa, mai shaƙe numfashi da ƙona ido. Bilic da amoniya, sinadarin da ke cikin wasu magungunan goge-goge, su ma iska mai guba suke fitarwa. Kada a haɗa bilic da komai sai ruwan sanyi.

Kuma kada wani ya ce ai na zuba bilic a ruwan, don haka ko ya yi baƙi ba komai. Dauɗa tana kashe ƙarfin bilic. A wanke tukuna, sannan a kashe ƙwayoyin cuta da sabon haɗi. Bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, a zuba mililita 200 a cika da ruwa ya kai lita 10, wato awo 1 na bilic da 49 na ruwa. Idan mai kashi 3.5 ne, kamar mililita 300. Inda jini ya zuba, a fara kwashewa da safar hannu, sannan a sa haɗi mai ƙarfi, awo 1 na mai kashi 5 da 9 na ruwa. Haɗin yau ba ya kwana. Ba kowane ɗaki ke buƙatar bilic ba ma, bayan gida da wuraren marasa lafiya ne muhallinsa, kuma yawan sa shi a kan marmara yana dusar da ita.

Maganin bokiti guda shi ne bokiti biyu. Ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. A tsoma mofa a ruwan sabulu, a matse ta sosai har ta daina ɗiga, a goge kamar taku uku tsawo da uku faɗi, a ɗauraye a bokiti na biyu, a matse, sannan ta koma cikin sabulu. Da haka dauɗa ke taruwa a wuri ɗaya. Ka duba bokiti ba ka ganin gindinsa? Zubar. Ka gama ɗaki mai yawan zirga-zirga? Zubar. Kada ka tsaya lissafin cewa yanzu ka ɗebo.

Masu gine-gine da manajoji, ku ma da laifinku, kuma babba. Kun ba mutum ɗaya hawa uku, kun saya masa bokiti ɗaya da mofar da ta shekara tana aiki, sannan kuna faɗa wai bai iya ba. Araha ba ta ado. Bokiti na biyu da mofa uku ba su kai kuɗin sake tayil na ɗaki guda ba. Ku ware kaya da launi yadda asibitoci da yawa ke yi: ja na bayan gida, shuɗi na ofis da baranda, kore na wurin girki. Ku shimfiɗa tabarmar goge ƙafa a ƙofar shiga, mai tsawon mita 3 zuwa 4, yadda kowace ƙafa za ta taka ta sau biyu ko uku, domin yashin da takalma ke shigowa da shi ne ke kankare ƙyallin daɓe. Ita ma a riƙa kakkaɓe ta kullum.

Sauran a taƙaice:

- A share ko a ja busasshiyar mofa kafin ruwa ya taɓa ƙasa, in ba haka ba taɓo za a kwaɓa.
- A fara daga lungun ciki ana ja da baya zuwa ƙofa.
- Baranda a goge rabi a bar rabi busasshe don masu wucewa, a kafa allon gargaɗi, a ɗauke shi da zarar wurin ya bushe.
- Abin da ya zube a goge nan take.
- Layukan tayil a bi su da buroshi lokaci-lokaci, a ɗauraye, a tsane ruwan.

Mofa kuma idan an gama a wanke ta da sabulu, a matse, a rataye inda iska ke kaɗawa. Wadda ta kwana a cikin bokiti ita ce tushen ƙarnin nan da kuke ta fesa wa turare. Idan zarenta ya yi baƙi har wanki ba ya fitarwa, ko ya fara tsinkewa, a sauya mata kai. Bokitan ma a ɗauraye su a kife, gobe a fara da sabon ruwa.