Me ya sa wani jinin yake girgiza mu, wani kuma mu wuce shi?

Wai me ya sa bam zai faɗa kan fararen hula, mutum biyu su kalli bidiyo ɗaya amma kowa da yadda zai ɗauke shi?

Saboda kafin ka tambayi mutum nawa suka mutu, zuciyarka ta riga ta tambayi su waye, kuma wa ya harba. In naka ne ya harba sai ka ce ai kuskure ne, yaƙi ya gaji haka, in kuwa wanda ka tsana ne toh da gangan ya yi. A 2015 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta tambayi mutane kan bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, kashi 56 na Amurkawa suka ce ya dace, a Japan kashi 14 ne kacal suka yarda da haka.

Mu nan ma muna yin haka?

Sosai ma. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, kuma duk teburin mai shayin da ka zauna a nan Zariya daga Samaru zuwa Tudun Wada maganar kenan, don kusa ne, kuma kowa ya san yadda taron Maulidi yake, yara a gaba da sabbin kaya, mata a gefe. Amma a Janairun 2017 da jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann can Borno, kwana nawa muka yi muna zancen? Wanda ya fi ci min rai shine kisan da sojoji suka yi wa 'yan Shi'a a Disamban 2015 a cikin garin nan na Zariya. Gwamnatin Kaduna da bakinta ta faɗa wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando, amma wallahi har yau akwai waɗanda in ka tada maganar sai su fara tambayarka aƙidar mamatan kafin su ce Allah ya jiƙansu, kuma da mata da yara a ciki fa.

Toh laifi ne in fi jin zafin nawa?

A'a, jini ya fi ruwa kauri. Inda matsalar take shine ka fara nema wa mai kisa uzuri don kawai mamacin ba naka ba ne. Dubi yadda Gaza ta cika mana Facebook, kuma ta cancanci haka, amma yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyi da gidajensu, da wuya ka ji an saka su a addu'a, don duka ɓangarorin Musulmi ne, ba mu san wa za mu zarga ba.

Doka fa, me ta ce?

Yarjejeniyar Geneva ta 1949 kan dokokin yaƙi da ƙarin da aka yi mata a 1977 ba ruwansu da na waye. Dole soja ya bambance mayaƙi da farar hula, ya tabbatar kafin ya harba, kuma ya fasa harin in ɓarnar da za a yi wa jama'a ta wuce amfanin da zai samu.

Me ya sa alƙaluma suke saɓawa?

Don mai ƙirga ma yana da inda yake tsaye. A Tudun Biri hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne 85, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce mamatan sun haura 120. Hukuma tana lissafa gawar da ta tabbatar, mutanen gari kuma suna bin gida gida suna lissafa wanda bai dawo ba.